Zama Da Kowa Lafiya, Bangaskiya Kuwa Ba Ta Sayarwa

    

Sharhinmu na yau a kan Kiristocin yankin Birnin Kudu da Gwaram, a jihar Jigawa, yake. Yankinmu na Musulmi ne mafi yawa, kowa ya san haka. Amma a cikinmu akwai Kiristoci. Akwai Hausawa 'yan ƙasa, waɗanda ake kira Masihiyawa. Akwai 'yan uwanmu Warjawa. Akwai waɗanda aiki ko kasuwanci ya kawo, malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da masu yi wa ƙasa hidima. Ba su da yawa. Kuma wanda ba shi da yawa a gari, kullum akwai tambayar da ke bin sa. Shin zan tsaya a kan abin da na gaskata, ko zan bi inda jama'a suka karkata?

Amsata a taƙaice take, kuma zan yi ta maimaita ta. Ka zauna da kowa lafiya, amma kada ka sayar da bangaskiyarka.

Bari mu fara da abin da Bahaushe ya ce. Ya ce idan ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Akwai hikima a maganar. Idan ana gaisuwa da durƙusawa, ka durƙusa. Idan ana suturta jiki, ka suturta naka. Idan maƙwabci ya yi rashi, ka je ka zauna a tabarmar makoki. Idan an yi haihuwa, ka je barka. Kirista da ya raina waɗannan bai ƙara tsarki ba, rashin tarbiyya kawai ya nuna. Kunya, da kara, da girmama na gaba, gadonmu ne duka.

To amma maganar tana da iyaka. Akwai abin da ko duk gari ya yi, mai tsoron Allah ba zai yi ba. A nan ne ake gane mai bangaskiya. A nan ne kuma sharhinmu zai daɗe.

Masu sauraro, mu ɗan koma baya, domin wannan tsayuwa tana da tarihi a ƙasar Hausa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim. Karatunsa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa ƙwarai. Ya tara almajirai, aka riƙa kiransu Isawa. Aka nemi ya janye, ya ƙi. Aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, nan kudu da mu. Su Isawa ba su da majami'a, ba su da Littafi Mai Tsarki a hannu. Amma sun riƙe abin da suka gaskata, suka miƙa wa 'ya'yansu.

A shekarar 1913, wasu daga zuriyarsu suka haɗu da Likita Mila, ɗan mishan da ke zaune a Zariya. Suka ji Bishara, suka karɓa. Suka kafa mazauni a Gimi. Can ciwon barci ya faɗa musu, ya kashe mutane da yawa. Wani zai ce ai wannan alama ce, a koma inda aka fito. Waɗanda suka tsira ba su koma ba. Suka tattara zuwa Zariya, daga baya mishan ta koma Wusasa a 1929. Ba a jima ba, a 1932, aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da harshen Hausa.

Ku dubi abin da ya fito daga wannan ƙaramar al'umma. Dakta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, can ya tashi. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Har yau akwai babban asibiti a Kaduna da ke ɗauke da sunansa. Farfesa Ishaya Audu ma can ya tashi. Ya zama likitan Sardauna Ahmadu Bello. Ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Waɗannan mutane sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da sarakuna da malamai. Sun sa babbar riga, sun yi Hausa tsantsa, sun ci tuwo a akushi ɗaya da abokan aikinsu Musulmi. Ba su ɓoye addininsu ba, ba su kuma zagi na kowa ba. Sun zauna da kowa lafiya, ba su sayar da bangaskiyarsu ba. Arewa kuwa ta amfana da su.

Yanzu mu matso kusa da gida. Da yawa daga Kiristocin ƙauyukan ƙasar Kano, da Katsina, da Jigawa, kakanninsu Maguzawa ne. Gidan Bamaguje yana da nasa tsari. Akwai iskokin gida, irin su Kure da Uwar Gona. Kafin shuka akwai yanka. Bayan girbi akwai yanka. Kuma babu taron da ke cika sai da giya.

Ku tsaya ku dubi magidancin da ya karɓi Bishara a irin wannan gida. Damina ta kawo kai. Baffanninsa sun kawo jan zakara, sun ce a zubar da jini kamar yadda aka saba. Ya sunkuyar da kai cikin ladabi, ya ce, Baba, ku yi haƙuri, ni na bar wannan. Suka ce gonarka ba za ta yi ba. Suka ce in yaro ya kwanta ciwo, kai ka jawo. Lokacin noma ya yi, ya kira gayya. Matarsa ta tashi da asuba, ta dama kunu, ta tuƙa tuwo, amma babu tukunyar burkutu a gindin bishiya. Samari suka leƙo, suka ga babu, wasu suka saɓa fartanya suka juya. Shi da matarsa da 'yan ikilisiya ƙalilan suka duƙa, har rana ta faɗi. Amma gobe idan baffan nan ya kira tasa gayyar, shi ne na farko a bakin kunya. Idan baffan ya kwanta, shi ke ɗaukarsa zuwa asibiti.

Irin waɗannan iyaye ne suka gina majami'un ƙasa da muke gani a ƙauyuka. Ba su bar danginsu ba. Ba su bar Hausa ba. Yanka ga iskoki suka bari, da giya, da zuwa wurin boka. Sun biya farashi, kuma sun biya shi da haƙuri.

To jama'a, ga babbar tambaya. Mu fa, yau, me ke jan mu? Zan ambaci wurare huɗu, ɗaya bayan ɗaya.

Wuri na farko shi ne tsoro. Tsoron a san ko kai wane ne. Saurayi ya gama karatu, yana neman aiki. Wani ya raɗa masa cewa, cire Bitrus ɗin nan daga takardarka, ka bar sunan kakanka kawai. Budurwa tana makaranta, ta ɓoye Littafinta a ƙasan akwati don kada a yi mata dariya. Ma'aikaci ya daina zuwa sujada ranar Lahadi don kada a gan shi. Ban raina wannan damuwa ba. Neman abinci da wuya, zama saniyar ware kuma da ciwo. Amma ɗana, aikin da ka samu da ɓoye kanka, kullum da fargaba za ka yi shi. Wanda ya ɗauke ka bisa ƙarya, ran da ya gane, ba zai ƙara yarda da kai ba. Ka faɗi sunanka a fili. Ka riƙe aikinka da amana. Abin da Allah ya rubuta naka ne, babu mai hana ka.

Wuri na biyu shi ne halin zamani. Ku kasa kunne sosai a nan, domin wannan ya fi na farko haɗari. Maƙwabcinka Musulmi bai taɓa ce maka ka yi algus ba. Addininsa ma ya hana. Abin da ke jan mu duka, Musulmi da Kirista, shi ne maganar nan ta, ai kowa ma haka yake yi.

Je kasuwar Sara ranar cinta, ka tsaya a layin hatsi. Ga mai awo da mudu biyu. Ɗaya na saye, mai zurfi. Ɗaya na sayarwa, an bubbuga gindinsa ya shige ciki. Ga buhun da aka zuba tsakuwa da ƙaiƙayi a tsakiya, aka rufe da tsaba mai kyau a baki. Ga tsohuwa ta zo da kuɗin da ta ƙulle a bakin zane, za ta koma gida da awon da bai cika ba. Idan mai wannan mudu Kirista ne, to ya sayar da bangaskiyarsa, ko da shi ke jan waƙa a majami'a. Babu wanda ya tsare shi da bindiga. Da hannunsa ya sayar, a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba.

Haka uban da ke ba da kuɗi a yi wa ɗansa satar jarrabawa. Haka ma'aikacin da ba ya motsa fayil sai an ba shi na goro. Haka mai karɓar taliya da sabulu ya ba da ƙuri'arsa. Haka matashin da ya maƙale wa caca a waya, da mai shan ƙwaya a bayan gari. Haka mai zuwa sujada da safe, da dare kuma ya lallaɓa gidan boka neman sa'a. Abin da kakanninmu suka bari da hawaye, mu kuma mu koma masa a ɓoye? Kai jama'a, mu ji tsoron Allah.

Wuri na uku yana cikin ikilisiya kanta. Akwai wa'azin da ya shigo mana, wanda ba ya maganar komai sai kuɗi. Ka ba da baiko yau, gobe ka sayi mota. Ba a maganar tuba, ba a maganar haƙuri, ba a maganar gicciye. Wannan son duniya ne aka sa wa rigar addini. Manomin Gwaram da ya yi addu'a, ya yi noma, ruwa ya ɗauke masa, ba rashin bangaskiya ke damunsa ba. Yana buƙatar fasto mai zama kusa da shi, da 'yan uwa masu auna masa hatsi.

Akwai kuma masu ganin cewa cikar Kirista ita ce ya zama baƙo a garinsu. Ya yar da Hausa, ya raina suturar gida, ya kwaikwayi duk abin da ya gani a Facebook. Wannan ma bin iska ne. Shiga majami'ar ƙauye ranar Lahadi ka gani. Zumuntar mata sun sha ɗamara, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya. Ɗaya ta rungumi tulu tana dukan bakinsa, wata na kaɗa caki, sauran suna amshi da Hausa mai daɗi. Dattijo ya miƙe ya karanta Littafi da harshen da uwarsa ta yi masa reno. Babu abin da ya rage wa wannan sujada. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Wuri na huɗu shi ne ramuwa. Wannan yana da nauyi, amma dole a faɗe shi. Jiharmu ta taɓa ganin baƙar rana. A watan Satumba na 2006, an ƙona majami'u a Dutse. Waɗanda abin ya shafa ba su manta ba. Idan an cuce ka, zuciya takan ce ka rama. Duniya ma haka take koyarwa. A waya za ka ga masu hura wuta, suna zagin addinin wasu, suna cewa kare bangaskiya suke yi. Ɗan'uwa, wanda ya zagi abin da maƙwabcinsa ke girmamawa, ba Almasihu yake bi ba. Yesu ya koyar da ƙaunar maƙiyi, da yi wa mai tsananta maka addu'a. Wannan ce koyarwa mafi wuya, kuma ita ce ta fi bambanta mai bi da sauran duniya. Ka nemi haƙƙinka, ƙwarai kuwa. Ka je wurin mai unguwa, da dagaci, da hakimi. Ka je kotu in ta kama. Ka bi ta hannun ƙungiyar Kiristoci ta CAN, ko Tarayyar Masihiyawan Nijeriya. Amma kada ka bari ƙiyayya ta yi sheƙa a zuciyarka. Ran da ka rama mugunta da mugunta, ran nan ka zama irin wanda ya cuce ka.

Masu sauraro, mu leƙa Littafi Mai Tsarki, mu ga ko an taɓa yin irin wannan zama. An yi. An kwashi Daniyel da abokansa zuwa Babila suna samari. Suka koyi harshen ƙasar, suka yi karatunta, suka yi wa sarki aiki. Daniyel ya kai babban matsayi. Maƙiyansa suka bincike shi ciki da waje, ba su sami inda ya ci amana ba. Sai suka biyo ta wajen addu'arsa. Aka kafa doka, ya ci gaba da durƙusawa sau uku a rana kamar yadda ya saba, har aka jefa shi ramin zakuna. Abokansa uku kuma suka ƙi yi wa gunkin zinariya sujada, aka jefa su tanderun wuta. A aikin gwamnati babu wanda ya fi su biyayya. A sujada kuma babu wanda ya iya tanƙwara su.

Annabi Irmiya ma ya aika wa waɗannan bayi wasiƙa. Ya ce su gina gidaje, su yi shuka, su yi aure, su nemi zaman lafiyar garin da suke ciki, su yi masa addu'a. Manzo Bulus kuma, a sura ta 12 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya gargaɗi masu bi kada su ɗauki kamannin zamani. A cikin surar nan dai ya ce su yi iyakar ƙoƙarinsu su zauna lafiya da kowa. Abu biyun a wuri ɗaya suke. Ka zauna da kowa lafiya, amma kada ka sayar da bangaskiyarka.

Kada wani ya ce wannan labarin dā ne. A ranar 19 ga Fabrairu, 2018, 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata fiye da 100 daga makarantar Dapchi, a jihar Yobe maƙwabciyarmu. Bayan wata guda suka dawo da yawancinsu, suka riƙe Leah Sharibu. Abokan karatunta da suka dawo, su ne suka ba da labari cewa an ce ta bar addininta a sake ta, ta ƙi. Shekarunta 14 a lokacin. Musulmi da Kirista sun yi ta kiran a sako ta. Yawancinmu ba za a taɓa gwada mu haka ba. Namu gwajin ƙarami ne, mudu ne, takarda ce, ƙuri'a ce. Idan yarinya ta tsaya a gaban bindiga, mu me zai sa mu faɗi a gaban naira dubu?

Yanzu ina da magana da 'yan uwana Musulmi da ke saurare, kuma da girmamawa nake yin ta. Kiristan da ya riƙe addininsa da gaskiya, ba barazana ba ne gare ku. Shi ne zai cika muku mudu. Shi ne zai riƙe muku amana a shago. Ita ce za ta kwana a kan majinyacinku a asibitin tarayya na Birnin Kudu ba ta nemi ko sisi ba. Ku ma kun san darajar mutumin da ba ya wasa da ibadarsa. Sashe na 38 na tsarin mulkin Nijeriya ya ba kowa 'yancin addininsa. Amma kafin tsarin mulki, akwai haƙƙin maƙwabtaka, wanda iyayenmu suka sani. Ku tuna Liman Abubakar Abdullahi na jihar Filato. A 2018 ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Shi ma ya ƙi bin inda taro ya karkata, saboda abin da ya gaskata. Idan Kirista ya nemi filin majami'a ko na maƙabarta, a saurare shi. Idan ɗansa ya cancanci gurbin karatu ko aiki, a ba shi. Tuwon sallah ya ci gaba da shiga gidan Kirista, shinkafar Kirsimeti ta ci gaba da shiga gidan Musulmi.

Daga ƙarshe, ga kalmata gare ku, 'yan uwa masu bi. Iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku tara yara da dare, ku karanta musu Littafi, ku yi addu'a tare. Ku ba su labarin kakanninsu da abin da suka jimre. Kada su ji kuna wa'azin gaskiya, su kuma gan ku kuna ha'inci. Fastoci da dattawan ikilisiya, ku koyar da tuba da haƙuri, ku ziyarci na ƙauye kamar yadda kuke ziyartar mai hali. Iyayenmu mata na zumunta, ku ja 'yan mata a jiki, ku san damuwarsu tun kafin wani ya yaudare su. Samari da 'yan mata, ku yi karatu, ku koyi sana'a, ku riƙe sunanku, ku gaida manya, ku tsare bakinku a waya.

Gobe da safe kowa zai fita, wani gona, wani kasuwa, wani ofis, wani makaranta. Za a ce maka ai kowa ma haka yake yi. Ka amsa da ladabi, ka ce ni dai ba zan yi ba. Ka zauna da kowa lafiya, amma kada ka sayar da bangaskiyarka.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Birnin Kudu da Gwaram, da Jigawa, da Nijeriya baki ɗaya.